Atamfar Anko a Kan Gora

Damina ce, kuma shekarar ta zo mana da fara'a. Ruwa ya sauka da wuri, bai yi irin tsayawar nan da yake yi bayan shuka ba, wadda take sa magidanta su riƙa kallon sama suna shiru. Gero ya tashi har ya rufe mutum, masara ta yi goyo, daga ƙofar gidanmu har duwatsun Rurum kore ne shar. Ni ma ina cikin nawa farin cikin, don a shekarar na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan aure, hannuna ya fara sabawa da alƙalami.

Ƙauyenmu yana tsakanin Rano da Kibiya, a kan tudu. Fadama tana ƙasa, rafi ya ratsa ta. Da rani rafin yashi ne kawai, ko akuya ba ta jiƙa ƙafa. Da damina kuwa yana da wani hali. Ruwa zai zuba can kan duwatsu, mu nan rana tana dukanmu, sai kawai ya gangaro jawur, ya cika rafin ya haura gonaki. Tun kakanni da kunne ake sanin zuwansa. Yana da ruri kamar babbar mota tana tahowa daga nesa. Wanda ya fara ji sai ya ɗaga murya, "Ruwa! Ruwa ya taho!" Na gaba ya karɓa, na gabansa ma ya karɓa, kowa ya haye tudu.

'Yata ta fari ba ta ji. Sanƙarau ya kama ta tana ƙarama, Allah ya bar mana ita, jin ya tafi. Ta girma da maganar hannu, unguwa duk an iya da ita. Ba na kama sunanta, 'yar fari ce, haka muka tarar ana yi. A hannu ma tana da suna: a taɓa haƙoran gaba da ɗan yatsa, saboda wushiryarta. Kowa yana yi, ni ban taɓa yi ba. In ina nemanta sai in je in dafa kafaɗarta.

Kakarta ta wajen uba ta bar mata 'yar gona a fadama, dab da gaɓar rafin. Kuɓewa take sawa, da tattasai da yakuwa. A gida in ana hira sai dai ta bi bakuna da ido, a yi dariya ta jira a fassara mata. A gonar nan kuwa ba ta jiran kowa. In ta dawo da yamma, ƙafa duk taɓo, takan zaunar da ni ta ba ni labarin kowace kunya da hannu, har da tsutsar da ta kama.

Wata rana da hantsi ruwan ya taho. An yi kururuwa, kowa ya watse, ita tana sunkuye ta juya wa rafin baya. Allah ya kawo Bafulatanar da take kawo mana nono, tana kan hanyarta daga rugarsu. Ta dire ƙwaryar, ta faɗa gonar ta finciko ta. Suka shigo gida jiƙe har ƙugu, yarinyar tana dariya, ita kuwa baiwar Allah tana ta salati.

Malam, maigidana, bai yi dariya ba. Ya yi wa matar godiya, ya raka ta har ƙofa. Da ya dawo sai ya ɗauki fartanyar yarinyar ya cusa ta can ƙarƙashin jinkar rumbu, inda hannunta ba zai kai ba. Ya nuna mata fadama, ya kaɗa yatsa. Sai kaka.

Na bari ya ci abinci, sannan na ce, "Malam, kuɓewar nan fa ta fara fure."

Ya ce, "Kuɓewa ana sake shukawa."

Gaskiya ya faɗa. Amma yarinyar ta koma kamar an rage wa fitila lagwani. Takan zauna a gindin rumbun nan tana tsinke a ƙasa. In na miƙa mata tuwo ta ɗan taɓa ta ture. Ciyawa kuwa ba ta jiran kaka.

A makon nan malamarmu ta ajiye alli ta ce yau ba karatu, maganar ambaliya da gobara za mu yi, tunda kullum ita ake ji a rediyo. Ta ce kowace ta rufe ido ta zagaya gidanta a zuci. Wa ba zai ji kururuwa ba? Wa ba zai ga hanya ba? Wa ba zai iya gudu ba? Sannan ta ce, "Kuma kada ku zauna a ɗaki ku yanke musu. Ku tambaye su. Mai abu ya fi ku sanin inda yake masa wuya."

Ina dawowa ko mayafi ban cire ba, na dafa kafaɗarta na tambaye ta da hannu: ruwa, ke, yaya za a yi? Ashe ta daɗe da amsarta, mai tambaya take jira. Ta ja ni bayan gida inda ake hango fadama. Ta nuna idonta. Ta nuna gidan ƙarshe na bakin tudu, mai tsamiya a ƙofa. Ta zare mayafina ta ɗaga sama tana kaɗawa. Sai ta sunkuya kamar tana noma, ta kai ƙarshen kunya, ta miƙe, ta ɗaga kai ta kalli tsamiyar. Ta sake sunkuyawa, ta sake miƙewa. Na gane. Dama kowane mai noma yana miƙe bayansa a ƙarshen kunya. Ita za ta haɗa da kallo.

Gidan nan na yayar Malam ne, wadda yara suke kira Gwaggo. Ƙuli-ƙuli take yi, kullum tana gida, kuma in ta yi kira daga tsakar gidanta har a masallaci ana amsawa. Da na kai mata maganar sai ta tafa hannu.

"To, madalla! Shekara da shekaru ina kururuwa ba lada, yau an ba ni tuta. Na zama soja ke nan. Wane ƙyalle za mu sa?"

Na ce, "Yaya, wanda ya fi kowanne haske."

Muka zazzage akwatina. Babu wanda ya kai atamfar ankon da muka yi a bikin 'yarta bayan girbin bara, ruwan goro ce mai ƙyalli da zanen ganye. Gwaggo ta ɗaga zanen a rana ta ce, "Wannan ai ko makaho ya gan shi."

Akwai wani tsoho a unguwarmu, Baba muke ce masa, idonsa ya daɗe da rufewa. Kullum da safe yakan bi hanya da sandarsa ya sauka fadama, ya zauna a gindin mangwaron da ke kusa da gonar yarinyar yana tufkar igiya. Lokacin yana wucewa ta ƙofa, sai muka ji ya ce, "Ƙarya kike yi, ban gan shi ba."

Muka yi ta dariya har Gwaggo ta zauna a kan turmi.

Da muka kai wa Malam maganar ya saurara, ya ce ko dai waya za a ba ta mai girgiza a jiki. Gwaggo ta ce, "Kai Malam, a fadamar da ko kai sai ka hau suri kake samun sabis? Kuma hannu cikin taɓo?" Ya tashi ya fita. Can sai ga shi da doguwar gora. Shi ya ɗaura zanen da kansa. Aka gwada: yarinyar ta sauka gona, Gwaggo ta ɗaga, kafin a jima sai ga ta ta ɓullo tana haki tana murmushi. Malam ya sa hannu ƙarƙashin jinka ya zaro fartanyar.

Ya ce mini, "Gwaji ne. In na ga wasa a ciki, fartanyar ta koma inda take."

Aka yi kwanaki ana lumshi, yayyafi ba ya tsayawa, kayan kowa suka taru da dauɗa. Ran da rana ta fito sai unguwa duk ta hau wanki. Abin da babu wadda ta tuna a cikinmu shi ne, anko anko ne. Duk macen da ta je bikin nan tana da atamfar, kuma babu wadda ba ta je ba. Igiyoyin shanya suka cika, aka koma kan danga, aka koma kan rufin kwano. Gwaggo da kanta, sojar tuta, da ta rasa wuri sai ta wurga nata zanen kan reshen tsamiya.

Yarinyar ta kai ƙarshen kunya ta ɗaga kai. Daga baya ta ba ni labari, ta ce ba tuta ɗaya ta gani ba, bakin tudun gaba ɗaya ne ya koma ruwan goro. Ta ce a ranta, yau kam duniyar ce za ta nutse. Ta yar da fartanya ta zuba da gudu. Mutanen fadama duk sun san labarin tutar. Da suka ga ta wuce kamar iska, suka ɗaga kai su ma, sai wani ya fasa kururuwa. Fadama ta tashi. Wani ya bar takalmansa a taɓo, wani ya saɓo akuya a kafaɗa wadda ma ba tasa ba ce. Suka hawo tudu suna nishi, suka tarar da Gwaggo a tsugune tana matse ɗankwali.

Ta dube su ta ce, "Lafiya? Wa ya mutu?"

Aka nuna mata tsamiya. Ta kalli zanen, ta kalli jama'a, ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni! Ni ce da kaina!"

Ban taɓa ganin dariya irin ta ranar ba. Mai akuya ya sauke ta yana tambaya ko ta waye ce. Can sai ga Baba ya hawo a hankali da sandarsa, igiyarsa a kafaɗa.

Ya ce, "Wane ruwa? Ni ina zaune da kunnuwana biyu, ko fitsarin kwaɗo ban ji ba. Masu ido kuna shan wahala."

Malam ne kaɗai bai yi dariya ba. Da muka shiga gida ya ce, "Kin gani. Yau ta yi gudu a banza. Gobe in ta hango za ta ce wanki ne, ta ci gaba da nomanta. Wannan ya fi babu tutar haɗari." Idonsa yana kan rumbu.

Na ce, "Haka ne, Malam. Amma wa ya fara hawowa tudu yau?"

Ya juyo ya dube ni.

Na ce, "Ta riga masu kunne. Gudun ya yi. Tutar ce ta yi yawa."

Ya shafa gemunsa ya ce, "To ku gyara kafin hadari na gaba. In ba haka ba, ni na gama magana."

Gwaggo ba ta jira an roƙe ta ba. Ta ɗauki babban daro ta bi gida gida tana karɓar atamfar, zani da riga da ɗankwali. Wata ta ce, "Haba Gwaggo, in biki ya tashi fa?" Ta ce, "Ki ɗaura buhun taki. Sai kaka za ki ga kayanki." Wata ta ɓoye nata a ƙarƙashin katifa, Gwaggo ta ɗaga katifar da kanta. Da la'asar ta juye daron a kan tabarma a tsakar gidanmu, tuli guda, muna kallo muna tunanin inda za a adana shi.

Sai ga Bafulatanar nan ta yi sallama da ƙwaryarta. Aka ba ta labari ta yi dariya har ta share hawaye. Ta ce, "Ƙawa, ai ni ma ina da shi, na zo bikin." Sannan ta ce, "Amma ku kuna jiran ku ji ruwa ne. Mu a ruga ganinsa muke yi. Tun yana saukowa daga dutse muke janye shanu."

Na fassara wa yarinyar. Ta tsaya tana kallon tulin atamfar, sai ta durƙusa ta zaro zani ɗaya ta kai can bakin zaure ta shimfiɗa, ta nuna Bafulatanar. Ta zaro wani ta ajiye a tsakiya. Ta kawo wani kusa da ƙafar Gwaggo. Ta koma na farko ta ɗaga shi, ta ruga ta ɗaga na tsakiya, ta ruga ta ɗaga na ƙarshe. Yadda kururuwa take tafiya daga baki zuwa baki, haka take so zani ya tafi daga gora zuwa gora.

Gwaggo ta ce, "Kai! Wankina ya yi rana."

Haka aka yi. Aka kafa gora a ruga, aka kafa wata a gidan da ke kan fa, falalen dutsen nan inda ake shanya barkono, daga nan ana hango ruga kuma ana hango tsamiyar Gwaggo. Sauran atamfar Gwaggo ta kulle a akwatinta ta ɗaure makullin a bakin zani. Aka ja wa yarinyar kunne, ko in ce aka ja mata ido: in tuta ta tashi, kada ta tsaya ɗaukar komai, ko fartanya. Ita kuma ta ƙara nata sharaɗin. Ta nuna gindin mangwaro, ta yi kamar ta kama sanda ta ja. Baba yana kan hanyarta, tuta kuwa ba ta yi masa amfani. Za ta bubbuga kafaɗarsa, ta kama bakin sandar, su tafi tare.

Da aka gaya wa Baba ya ce, "Jikalle ce za ta ja ni? To, Allah ya sa ba ranar wanki ba ce."

Ranar ta zo bayan azahar. Rana tana nan tarwai a kanmu, amma can saman Rurum ya yi baƙi ƙirin. Ina tankaɗe a tsakar gida sai na ji muryar Gwaggo ta tsaga unguwa. Na saki rariya. Ban san na fita ba takalmi ba sai da tsakuwa ta soke ni.

A bakin tudu na tarar da ita ta rungume gora da hannu biyu, zanen yana kaɗawa. Can kan fa ga wani, can nesa ƙwarai ga na ruga kamar ɗigon manja. Rafin kuwa shiru, ko motsi babu. Mutane suna ta hawowa, wasu suna tambaya ko wanki ne kuma. Na duba fuska bayan fuska. Ba ta ciki. Hanyar gonarta ta cikin gero take bi, geron kuma ya fi mutum tsawo. Na tsaya ina kallon inda za ta ɓullo, bakina yana addu'a, maganar Malam tana dawo mini, cewa za ta ce wanki ne.

Sai geron ya motsa. Muryar Baba muka fara ji.

"Wanki ne! Na ce muku wanki ne! Ni ban ji komai ba! Yarinyar nan za ki karya ni!"

Ta ɓullo riƙe da bakin sanda, tana jansa kamar mai jan rago zuwa kasuwa. Suna tsakiyar hawa sai ya cije, ya karkata kai gefe guda. Fuskarsa ta sauya.

Ya ce, "A'a. Jikalle, ƙara sauri!"

Ba ta ji shi ba, amma ta ji sandar ta koma tura ta. Sai da suka taka tudu sannan mu ma muka ji rurin. Ruwan ya zo jawur, da itatuwa da kara a kansa, ya cika rafin, ya haura, ya shafe gindin mangwaron da Baba yake zama.

Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na taɓa haƙorana, na sake taɓawa, ina nuna ta, a gaban maza da mata. Ta tsaya cak tana kallona, sai wushiryar nan ta bayyana gaba ɗaya.

Gwaggo ta saki gora da hannu ɗaya ta buga cinya. "Jama'a, ku zo ku gani! Yau an kama sunan 'yar fari! Ina alkunyar, matar ƙanina?"

Na ce, "Yaya, ruwa ya tafi da ita."

Baba ya zauna a kan tushen tsamiya yana maida numfashi. Ya ce, "Ku gaya wa jikalle, idonta ya riga kunnena. Amma kada ta yi girman kai, sau ɗaya ne."

Malam ya je Rano a ranar. Hadarin da ya gani a hanya ne ya sa ya juyo da babur, ya iso ruwan yana kan cika. Ya ratsa jama'a har ya zo gabanta. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ga ko gefen zaninta bai jiƙe ba. Ya yi mata alamar noma da hannu, ina fartanyar? Ta nuna rafin, ta buɗe tafukanta. Ta bar ta kamar yadda aka ce, ruwa ya ɗauke. Ta tsaya tana kallon fuskarsa, ni ma ina kallo.

Ya juya ya nufi gida. Kafin magariba na ji sassaƙa a zaure. Na leƙa na ga ya cire ƙotar tasa fartanyar yana rage mata tsawo, yana gwadawa a hannu, yana sake ragewa. Da ya gama ya shigo ya jingina ta a ƙofar ɗakin yarinyar, ya wuce masallaci.

Washegari da safe na karɓo zanen daga wurin Gwaggo, don ƙura da yayyafi sun ɓata shi. Na wanke, na shanya a cikin ɗaki a kan gado, na ja labule. Da ya sha iska na mayar aka ɗaura. Sannan na zuba ɗumame a kwano, na ɗauki tsumma da 'yan karare, na dafa kafaɗarta. Ta saɓa sabuwar fartanya muka sauka fadama tare. Ruwa ya cinye gefen da ke bakin gaɓa, amma yawancin kuɓewar kwanciya kawai ta yi. Muka bi kunya kunya, tana ɗagawa ina kafa kara ina ɗaurewa. In muka kai ƙarshe ta miƙe ta kalli tsamiya, ni ma sai in miƙe in kalla.